Kalmomin Zaluncin da Aka Yi wa Yahudawa a Yaƙin Hitila, da Ma'anarsu da Hausa

1. Gabatarwa

Hausawa sun san Yaƙin Duniya na Biyu da suna Yaƙin Hitila. Abin da talakan ƙasar Sakkwato ya gani daga gare shi tsakanin 1939 da 1945 shi ne ɗibar soja, da tsadar gishiri da tufafi, da tilasta wa mutane zuwa haƙar kuza a tudun Jos. Amma a cikin yaƙin nan akwai wani aiki dabam wanda ba a fagen fama aka yi shi ba, watau kashe Yahudawa wajen miliyan 6 da gwamnatin Jamus ta yi tare da mataimakanta. Galibin waɗanda aka kashe ba su taɓa riƙe makami ba. Akwai tsofaffi da mata a cikinsu, akwai kuma yara wajen miliyan ɗaya da rabi.

Malamin tarihi a makarantar Wurno ko Rabah ko Goronyo, da mai fassara labarai a gidan rediyo, in sun zo ba da wannan labari da Hausa sai su iske kalmomin da a ke buƙata duk baƙi ne, na Jamusanci da Faransanci da Ibrananci da Girkanci. Haɗari biyu ne a gabansu. Na fari, su tara kome a ƙarƙashin kalmar "yaƙi", har mai sauraro ya zaci mutanen nan sun mutu ne kamar yadda soja ke mutuwa. Na biyu, su ɗauko kalmomin da masu kisan suka ƙaga don rufe aikinsu, su kawo su Hausa da rufinsu, su zama sun taya ɓarawo ɓad da sawu. Nufin wannan takarda shi ne ta jera manyan kalmomin bisa ga matakan da zaluncin ya bi, ta bayyana abin da kowace ke nufi, sa'an nan ta ba da shawarar lafazin Hausa da ya dace da ita.

2. Inda labarin ya kusato ƙasar Sakkwato

Wanda ya bi gulbin Rima daga Wurno, ya wuce Goronyo, ya nufi Sabon Birni, ba da daɗewa ba zai kai iyakar da Ingilishi da Faransawa suka shata a farkon ƙarni na 20. Gulbin Maraɗi ma ta ƙetaren iyakar nan ya ke bi kafin ya zubo cikin Rima. A watan Yuni 1940 Jamus ta ci Faransa da yaƙi, aka kafa sabuwar gwamnati a garin Vichy a ƙarƙashin Marshal Pétain, wadda ta yarda ta yi aiki da Jamus. Gwamnan Cadi, Félix Éboué, ya ƙi ta, ya bi Janar de Gaulle a watan Agusta. Amma Pierre Boisson, babban gwamnan Afirka ta Yamma ta Faransa da ke zaune a Dakar, ya tsaya wa Vichy har Nuwamba 1942. Watau shekara 2 da 'yan watanni Birnin Ƙonni da Madawa da Maraɗi suna hannun gwamnatin da ke bin Jamus, alhali kuwa Sakkwato, a farkon sarautar Sarkin Musulmi Abubakar III, tana wajen Ingila. Ahmadu Bello, haifaffen Rabah kuma tsohon hakiminta, yana Gusau a lokacin da sarautar Sardauna, yana duba gundumomin gabas. Sai da tsoron iyakar nan ya kau aka sami damar kwashe rundunonin Afirka ta Yamma na 81 da 82 zuwa yaƙin Bama, daga 1943.

Dokokin da Vichy ta yi a kan Yahudawa sun hau kan ƙasashen da Faransa ke mulka, har da Nijar. Yahudawan da ke Afirka ta Yamma ta Faransa kaɗan ne ƙwarai, ɗari da 'yan kai, ma'aikata da 'yan kasuwa baƙi. Duk da haka an ƙidaya su, an kuma sallami waɗanda ke aikin gwamnati. Matakan farko na zaluncin ke nan, sun zama doka a ƙasar da ɗan Goronyo kan kai da jakinsa cikin 'yan kwanaki.

3. Sunayen mutanen

Bayahude, Bayahudiya, Yahudawa: mutanen da ke bin addinin Yahudanci ko suka fito daga zuriyar masu binsa. Bani Isra'ila suna ne na Alƙur'ani ga zuriyar Annabi Yaƙubu. Isra'ila kuwa, in ƙasa a ke nufi, a ranar 14 ga Mayu 1948 aka kafa ta, shekara 3 bayan ƙarewar yaƙin. Sahayoniyanci aƙida ce ta siyasa mai neman kafa wa Yahudawa ƙasa a Falasɗinu. Ta yi babban taronta na farko a Basel a 1897 a ƙarƙashin Theodor Herzl, kuma kafin yaƙin Yahudawan Turai sun rarrabu a kanta, wasu na so, wasu na ƙi. Saboda haka kuskure ne a ce "Isra'ilawa" ko "Sahayoniyawa" Hitila ya kashe. Rikicin Falasɗinu yana da nasa tarihi da nasa waɗanda aka zalunta, gauraya sunayen kuwa ba ya yi wa ko ɗaya daga cikin labaran biyu adalci.

Har wa yau a lura, a bakin wasu Hausawa "Bayahude" ya zama zagi ga mai ha'inci ko makirci. Mai da sunan al'umma zagi yana cikin ainihin abin da kalma ta gaba ke nufi.

4. Kalmomin warewa

Kalmar da Turawa ke ce wa "antisemitizim" wani ɗan jaridar Jamus, Wilhelm Marr, ya yaɗa ta a 1879. Tushenta Sam ɗan Annabi Nuhu, wanda malaman harsuna suka ari sunansa suka raɗa wa dangin Larabci da Ibrananci da Amharanci. Amma tun da aka ƙaga ta ba a taɓa nufin kowa da ita ba sai Yahudawa. Wanda ya fassara ta "ƙin zuriyar Sam" ya bi harafi ya bar ma'ana. Abin da ya dace shi ne "ƙiyayyar Yahudawa".

Sabon abin da 'yan Nazi suka ɗora a kan tsohuwar ƙiyayya shi ne aƙidar jinsi. Sun ce 'yan Adam hawa-hawa ne tun daga jini, jinsin da suka kira "Ariya" shi ne bisa, Yahudawa kuwa cuta ne a jikinsa. Domin a gane bambancin wannan da abin da aka saba, sai a tuna da kalmar "zimma", wadda Hausawa ke ce wa amana. A fiƙihu, wanda ba Musulmi ba in yana cikin amana yakan biya jiziya, a tsare masa ransa da dukiyarsa. Wajen 1492 Shaihu Muhammadu ɗan Abdulkarimi al-Magili ya yi fatawa cewa Yahudawan Tuwat, a tsakiyar Sahara, sun warware amanarsu. Alƙalin Tuwat, Abdullahi al-Asnuni, ya saɓa masa, amma aka rushe majami'arsu a Tamantit, aka kashe wasu, saura suka watse. Bayan haka al-Magili ya zo Kano a zamanin Muhammadu Rumfa, ya je Katsina da Gawo, ya rubuta littattafai a kan sha'anin mulki waɗanda malaman jihadi suka riƙa kafa hujja da su, har da Muhammadu Bello wanda ya gina ribaɗin Wurno, aka kuma rufe shi a can a 1837. Abin da ya auku a Tuwat tsanani ne da zub da jini, ba kuwa abin ɓoyewa ba ne. Amma gardamar da malamai suka yi a kansa ta addini ce da alkawari, kuma matsayin mutum yana sakewa in ya sake addini. A wurin 'yan Nazi babu wannan ƙofa. Edith Stein ta shiga addinin Kirista a 1922, ta zama mai hidimar coci, duk da haka aka kashe ta a Auschwitz a Agusta 1942 domin haihuwarta.

Dokokin Nuremberg na 15 ga Satumba 1935 su ne suka mai da aƙidar nan doka. Sun tuɓe wa Yahudawa cikakken 'yancin ɗan ƙasa, sun hana auratayya tsakaninsu da sauran Jamusawa. Umurnin 14 ga Nuwamba na shekarar ya ce wanda kakanninsa 3 ko 4 Yahudawa ne shi ne Bayahude, wanda kuwa ke da ɗaya ko biyu aka kira shi "Mischling", watau ruwa-biyu. Da aka zo tantance jinsin kakan, ba a sami wani ma'auni na jini ba, sai aka koma ga littattafan rajistar addini. A ƙarshen watan nan aka faɗaɗa hanin auren ya haɗa da Romawa masu yawo, watau Roma, da baƙar fata. A 1937 aka kama ɗaruruwan yara a yankin kogin Rhine, 'ya'yan sojan Afirka na Faransa da matan Jamus, aka yi musu aikin hana haihuwa da ƙarfi. A Yuni 1940 kuma sojan Jamus sun ware baƙaƙen sojan Faransa daga farare bayan sun miƙa wuya, suka karkashe su a wurare da dama, kamar Chasselay kusa da Lyon. Da ma daga dukan ƙasashen Afirka ta Yamma ta Faransa a ke ɗibar irin sojan nan.

Dokar Vichy ta 3 ga Oktoba 1940, wadda za a iya kira "Dokar Matsayin Yahudawa", ita ce ta iso Nijar. Faransawa da kansu suka tsara ta. Ta rufe wa Yahudawa manyan ayyukan gwamnati, da koyarwa, da hafsancin soja, da shugabancin jaridu. Bayan kwana 4 aka soke dokar Crémieux ta 1870, sai Yahudawan Aljeriya fiye da 100,000 suka wayi gari ba 'yan ƙasar Faransa ba ne. Doka ta biyu, ta 2 ga Yuni 1941, ta kawo ƙidaya. Ƙidaya a nan ba irin ta haraji ba ce, gama a Turai jerin sunaye da adireshin da aka tara su ne 'yan sanda suka bi gida-gida daga baya. Sai "ƙayyade adadi", watau kada Yahudawa su wuce 3 cikin 100 na ɗaliban jami'a, ko 2 cikin 100 na likitoci da lauyoyi.

Akwai kuma abin da Jamusawa suka kira "Arisierung", mai da dukiya hannun Ariya. Shi ne tilasta wa Bayahude ya sayar da kantinsa ko gidansa da 'yan kuɗi kaɗan, ko a naɗa wa dukiyar wakili a sayar ba da yardarsa ba. Kada a fassara shi "ciniki" ko "mai da dukiya ta ƙasa". Sunansa "ƙwace da sunan doka". Bayansa sai alama: harafin J a fasfo daga Oktoba 1938, da sunan dole, Isra'ila ga maza, Sara ga mata, daga Janairu 1939, da tauraro ruwan ɗorawa a ƙirji ga duk wanda ya kai shekara 6, a Jamus daga Satumba 1941. Amfanin alama shi ne kowa a hanya ya zama mai gadi.

5. Kalmomin tsarewa

"Pogrom" kalmar Rashanci ce, ma'anarta ragargazawa. A kan faɗe ta ga farmakin da taron jama'a ke kai wa unguwar Yahudawa, da kisa da ƙone-ƙone da wasoso, hukuma tana zuba ido ko tana zugawa. "Tarzoma" ba ta isa ba, domin tarzoma kan nuna ɓangare biyu. "Farmakin gayya" ya fi kusa. Mafi shahara shi ne na daren 9 zuwa 10 ga Nuwamba 1938, sa'ad da aka ƙone majami'u ko'ina a Jamus, aka kama maza wajen 30,000, sa'an nan aka ci Yahudawan tarar mak biliyan ɗaya a kan ɓarnar da aka yi musu. Sunan da ya bi shi, "Daren Gilasai", yana ambaton tagogin da suka fashe ya bar mutanen da suka mutu. "Farmakin Nuwamba 1938" ya fi gaskiya.

"Geto" asalinta sunan wata unguwa ce a birnin Venice inda aka tsugunar da Yahudawa a 1516. Mai karatu Bahaushe zai iya kwatanta ta da Sabon Gari ko Tudun Wada ko zango, inda a ke ware baƙi. Kwatancin bai yi ba, gama mazaunin Sabon Gari yana fita kasuwa ya komo. Samarin yau kuma sukan ce "geto" ga matattarar 'yan zaman banza, wannan ma wata ma'ana ce dabam. Geton Warso, wanda aka rufe a Nuwamba 1940, katanga ce aka kewaye ta da waya da masu bindiga, aka cusa mutum fiye da 400,000 a fili da bai kai murabba'in kilomita 4 ba. Yunwa da cuta sun kashe fiye da 80,000 kafin tsakiyar 1942. Lafazin da ya dace shi ne "unguwar kulle". A cikin kowace Jamusawa sun naɗa "Judenrat", majalisar Yahudawa ta dole, wadda aka ɗora wa rabon abinci da ba da ma'aikata, daga baya har da ba da sunayen waɗanda za a kwashe. Shugaban ta Warso, Adam Czerniaków, ya kashe kansa a 23 ga Yuli 1942 da aka nemi ya miƙa mutane, har da yara. A 19 ga Afrilu 1943 ragowar mazaunan suka ta da bore, suka yi kusan wata guda suna faɗa da ƙananan makamai.

"Sansani" a Hausa mazaunin mayaƙa ne, yanzu kuma har da na 'yan gudun hijira. A wannan labari iri uku ne, wajibi ne a rarrabe su. Na fari sansanin tsarewa, kamar Dachau da aka buɗe a Maris 1933, inda a ke kulle mutum ba shari'a, ba ranar fita. Na biyu sansanin aikin tilas. Na uku wurin kisa, kamar Chelmno da Belzec da Sobibor da Treblinka, duk a ƙasar Polan da Jamus ta mamaye, inda yawancin waɗanda jirgin ƙasa ya kawo ba su kwana da rai. A Treblinka kaɗai an kashe fiye da 800,000. Auschwitz ta haɗa iri ukun, an kashe wajen miliyan 1.1 a cikinta, kusan miliyan ɗaya Yahudawa.

Sansanin aikin tilas ya iso bakin Sahara. A Maris 1941 Vichy ta yi dokar shimfiɗa hanyar jirgin ƙasa daga gaɓar Bahar Rum zuwa kogin Kwara, ta ratsa Tuwat, reshe ɗaya ya nufi Segu, ɗaya Yamai. Fursunoni ne suka fara aikin, 'yan gudun hijirar Sifen da tsofaffin soja baƙi da Yahudawa wajen 2,000, a sansanoni kamar Bou Arfa da Berguent a Maroko, da Colomb-Béchar da Kenadsa da Hadjerat M'Guil a Aljeriya. Hanyar ba ta ƙetare hamada ba. A Libiya Italiya ta tsare Yahudawa wajen 2,600 a Giado a 1942, fiye da 500 suka mutu da yunwa da annoba. A Tunisiya, wadda sojan Jamus suka riƙe daga Nuwamba 1942 zuwa Mayu 1943, an sa wajen 5,000 aikin tilas.

Mutanen Arewa suna da tasu kalma, "ɗiban gwamna". Bayan Japan ta ƙwace ma'adinan Malaya, Ingila ta tilasta wa dubban manoma haƙar kuza a Jos daga 1942 zuwa 1944, da yawa suka mutu da sanyi da cuta. Zalunci ne mai suna, kuma yana taimaka wa ɗalibi ya fahimci abin da tilas ke nufi. Amma wanda aka ɗiba, in wa'adinsa ya cika yana raye, gida ya ke komowa, domin kuzar a ke so. A sansanonin Jamus, Bayahude yana aiki ne kafin ranarsa ta zo, mutuwarsa kuwa tana cikin lissafi tun farko.

6. Kalmomin rufa-rufa

A nan ne mai fassara ya fi bukatar hattara. Ma'aikatan Jamus ba su cika rubuta "kisa" a takardun ofis ba. Ga manyan kalmomin da suka sa a madadinsa.

"Endlösung", harafinta "warwarewa ta ƙarshe", watau ta abin da suka kira "matsalar Yahudawa". A taron Wannsee, a gefen Barlin, ranar 20 ga Janairu 1942, manyan ma'aikata 15 a ƙarƙashin Reinhard Heydrich suka tsara yadda ma'aikatu za su haɗa hannu a kanta, suka lissafa Yahudawan Turai miliyan 11. Ma'anarta kashe su duka. Wanda ya rubuta "mafita ta ƙarshe" da Hausa ba tare da bayani ba ya yarda ke nan akwai matsala, an kuwa sami mafita.

"Umsiedlung", sake matsuguni, da "kwashewa zuwa gabas": ɗora mutane a taragon dabbobi zuwa wurin kisa. A kan ce musu su riƙo kaya da guzuri don kada su yi gardama. Ba ƙaura ba ce, ba hijira ba ce. A ce "jigila zuwa wurin kisa".

"Einsatzgruppen", harafinta "ƙungiyoyin aiki": rundunonin harbi da suka bi bayan sojan Jamus cikin Tarayyar Sobiyat daga 22 ga Yuni 1941. A kwarin Babi Yar, kusa da Kiev, rahotonsu da kansu ya ce sun harbe 33,771 a ranakun 29 da 30 ga Satumba 1941. A ce "rundunonin kisa".

"Sonderbehandlung", kulawa ta musamman: kisa. "Selektion", zaɓe: tsayawar likitan soja a bakin jirgi yana nuna wanda zai yi aiki da wanda zai wuce ɗakin iskar guba nan take. Ɗakunan ma an yi musu kamannin wurin wanka. Ga Hausa "tankaɗe" ya fi "zaɓe", domin zaɓe yana ɗauke da alheri.

Ƙa'idar ita ce, in tilas a kawo kalmar masu kisa, a sa ta cikin alamar zance, a bi ta nan da nan da ma'anarta tsirara. Daga ƙarshe akwai "tattakin mutuwa", sunan da waɗanda suka tsira suka ba korar fursunoni a ƙasa cikin ƙanƙara a sanyin 1944 zuwa 1945, wanda ya gaza a harbe shi a gefen hanya. Wannan kalma ba ta bukatar gyara, gama masu ita ne suka raɗa ta.

7. Sunan aikin duka

"Holokos" daga Girkanci ta ke, ma'anarta hadayar da aka ƙone ƙurmus. Wasu ba su sonta saboda kisa ba hadaya ba ne, sun fi son "Showa", kalmar Ibrananci mai nufin bala'i. Duka biyu sunaye ne na wannan aukuwa ita kaɗai. Gwamnatin nan ta kuma hallaka wasu jama'a: dubban ɗaruruwan Roma, da naƙasassun Jamus wajen 70,000 kafin Agusta 1941, da fursunonin yaƙi na Sobiyat wajen miliyan 3, da ɗimbin farar hular Polan.

Kalmar shari'a kuwa wani lauya Bayahude ɗan Polan, Raphael Lemkin, ya ƙaga ta a 1944 daga "dangi" na Girkanci da "kisa" na Latin. Hausa ta dace da lafazi mai kyau, "kisan ƙare dangi". Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 9 ga Disamba 1948 ta ce laifin yana tabbata in an aikata shi da niyyar hallaka wata al'umma ta ƙasa ko ƙabila ko jinsi ko addini, duka ko sashe, domin kasancewarta ita ce. Ba kisa kaɗai ta lissafa ba, har da ƙuntata rayuwa don a hallaka, da hana haihuwa, da ƙwace yara a mai da su wata al'umma. "Kisan kiyashi" yana duban yawa, "kisan gilla" yana duban muni, "kisan ƙare dangi" yana duban niyya. Akwai kuma "laifin cin zarafin bil'adama", ɗaya daga cikin tuhumomin shari'ar Nuremberg ta 1945 zuwa 1946, inda aka ƙi karɓar "umurni aka ba ni" a matsayin kuɓuta.

8. Mataimaka da masu ceto

Jamus ba ta yi aikin ita kaɗai ba. 'Yan sandan Faransa ne suka kama Yahudawa wajen 13,000 a Paris a 16 da 17 ga Yuli 1942, kuma wajen 75,000 aka kwasa daga Faransa duka, 'yan kaɗan suka komo. Muftin Ƙudus, Amin al-Husaini, ya gana da Hitila a Nuwamba 1941, ya yi wa Jamus farfaganda a rediyo. Irin waɗannan su ne "'yan haɗin baki". Akwai kuma "'yan kallo": ƙasashe 32 sun taru a Evian a Yuli 1938 kan batun masu gudu daga Jamus, kusan duka suka ƙi ƙara buɗe ƙofa. Sa'an nan akwai "masu ceto", waɗanda cibiyar tunawa ta Yad Vashem ke kira salihan al'ummai. A cikinsu akwai Musulmin Albaniya da suka ɓoye baƙi bisa al'adarsu ta "besa", wadda ma'anarta ta yi kusa da amana, da jakadan Turkiyya a tsibirin Rhodes, Selahattin Ülkümen, wanda ya kuɓutar da wasu a 1944, da likita Muhammad Helmy, mutumin Masar, wanda ya ɓoye wata yarinya a Barlin. Kowace al'umma ta fid da iri ukun nan.

9. Kammalawa

Wanda ya bi kalmomin nan daki-daki zai ga tsakanin hawan Hitila mulki a 30 ga Janairu 1933 da fara harbin jama'a a 1941 akwai shekara 8 na suna, da doka, da ƙidaya, da alama, da ƙwace, da kulle. Kowane mataki akwai akawu da ɗan sanda da maƙwabci da suka ga bai kai a yi magana ba.

Mutanen gabashin Sakkwato ba baƙin zub da jini ba ne. A Oktoba 2021 'yan bindiga sun kashe mutum fiye da 40 a kasuwar Goronyo, dubban mutanen yankin kuma sun ƙetare iyakar nan da aka ambata zuwa jihar Maraɗi. Wannan masifa ba Holokos ba ce, kuma kiran ta da sunan da ba nata ba ba zai taimaki kowa ya gane ta ba. Abin da tarihin Turai ke iya ba malamin Wurno da na Rabah shi ne kunne mai jin matakin farko, watau ranar da aka daina cewa "wane ya yi laifi" aka koma ɗora laifin a kan sunan ƙabila ko addini gaba ɗaya. Hausawa sun ce icce tun yana ɗanye a ke tanƙwara shi. Majalisar Ɗinkin Duniya ta keɓe 27 ga Janairu, ranar da sojan Sobiyat suka buɗe Auschwitz a 1945, domin tunawa. In za a karanta wa ɗalibai labarin da Hausa a wannan rana, ya kamata a kira kowane mataki da sunansa na gaskiya.